Saƙagon Bin Haske Bai Haukace Ba

A cikin kayayyakin koyarwa da ake kai wa makarantu domin darasin kimiyya da fasaha, akwai wani ɗan ƙaramin saƙago mai tayoyi da ake sayarwa a wargaje cikin kwali, domin ɗalibai su haɗa shi da hannunsu. Aikinsa ɗaya ne tak, wato in an haska masa tocila ya bi hasken duk inda aka kai shi. Kayan cikinsa ba su taka kara sun karya ba: idanu biyu masu jin haske, da 'yan injuna biyu masu juya tayoyi, da batir, da wasu ƙananan kayan lantarki da ake jerawa a kan allo. Takardar da ke cikin kwalin takan nuna shi yana bin haske tiryan-tiryan, kamar ɗan akuya a bayan uwarsa. Amma abin da aka fi gani a cikin aji daban ne. Malami ya danna makunni, yara sun kewaye sun zuba ido, sai saƙagon ya hau juyi a wuri ɗaya, ko ya ɗan gusa ya tsaya yana makyarkyata, ko kuma ya juya wa tocila baya ya nufi ƙarƙashin benci. Nan da nan wani daga baya zai ɗaga murya ya ce, "Malam, ya haukace!" Aji ya kwashe da dariya. Kunya ta kama malami, ya ce ai dama kayan na jabu ne, ya mayar da shi kwali, kwalin kuma ya shiga kabad, inda ƙura da kyankyasai za su gaje shi.

Ra'ayin da wannan maƙala take ƙoƙarin kafawa shi ne, malamin da ya yi haka ya rufe darasi a daidai lokacin da darasin ya fara. Saƙagon da ya yi aiki tun gwajin farko abin kallo ne kawai. Yara za su tafa, su tashi ba tare da sun san dalilin da ya sa ya bi hasken ba. Wanda ya rikice shi ne yake tilasta wa mai kallo ya tambayi kansa: me ido ya gani, me ya gaya wa inji, me inji ya yi da abin da aka gaya masa? Haka kuma, abin da ya kamata malami ya fara gyarawa a wannan rana, tun kafin ya taɓa waya ko batir, shi ne kalmar nan ta "ya haukace". Wannan kuwa aiki ne na harshe, don haka malamin Hausa yana da ta cewa a cikinsa daidai da malamin kimiyya.

Irin wannan saƙago yana da tarihi. Tsakanin shekarar 1948 da 1949, wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna William Grey Walter, wanda yake aiki a wata cibiyar binciken jijiyoyi a birnin Bristol na ƙasar Ingila, ya ƙera wasu na'urori biyu masu kama da kunkuru, ya raɗa musu suna Elmer da Elsie. Kowace tana da ido ɗaya mai jin haske, da ƙoƙon baya mai jin taɓi, da ƙwayayen lantarki biyu irin na tsohuwar rediyo a matsayin ƙwaƙwalwa. Da waɗannan 'yan kaya kaɗai, kunkurun yakan nufi haske matsakaici, ya kauce wa mai tsanani, ya kewaye abin da ya tare masa hanya, in kuma batirinsa ya yi sanyi ya shiga wani ɗan akurki mai fitila inda yake samun caji. Akwai wata 'yar fitila a jikinsa, kuma da aka ajiye shi gaban madubi sai ya dinga matsowa yana kaucewa, yana rausaya, kamar wanda ya gane kansa. Da Walter ya ga dama da ya kira wannan rawa lalacewa, ya kwance na'urar. Maimakon haka sai ya bi diddigin dalili: fitilar tana mutuwa duk lokacin da idon ya ga haske, alhali hasken da idon yake gani a madubi nata ne, don haka da ta mutu sai hasken ya ɓace, da ya ɓace sai ta sake kamawa.

A 1984 kuma, wani masanin ƙwaƙwalwa ɗan asalin Italiya da ya yi aiki a birnin Tübingen na ƙasar Jamus, Valentino Braitenberg, ya wallafa wani ɗan littafi a kan 'yan motocin da ya ƙaga a zuci. Tsarin da ya zayyana a ciki shi ne ginshiƙin yawancin saƙagon bin haske da ake sayarwa a kwali. Idan aka haɗa idon hagu da injin dama, idon dama kuma da injin hagu, ta yadda ƙarin haske yake ƙara wa inji gudu, to haske daga hagu zai sa tayar dama ta fi sauri, saƙago ya karkata hagu, wato ya nufi hasken. Idan kuwa aka haɗa kowane ido da injin da ke gefensa, sai ya juya wa haske baya ya gudu. Wayoyi biyu kawai aka sauya wa wuri, amma mai kallo zai rantse na farko jarumi ne, na biyu matsoraci. Braitenberg ya jawo hankali ga wannan rauni na ɗan Adam, cewa ƙera abu ya fi sauƙi a kan gane cikinsa daga kallon halinsa, kuma mai kallo daga waje yakan ɗora wa abu zurfin tunanin da ba shi da shi. Yaron da ya ce saƙago ya haukace, da wanda ya ce cikin raha aljanu sun shige shi, duk wannan tarko suka faɗa.

Ko halittu masu rai ba su tsira daga irin wannan zato ba. An daɗe ana ganin faɗa-wuta yana kewaya fitila da dare, ana cewa son haske ne ya rufe masa ido. A 2024 wasu masana suka wallafa binciken da suka yi da kyamarori masu saurin ɗaukar hoto, inda suka nuna cewa ƙwarin suna juya bayansu ne ga duk inda ya fi haske, domin a duniyar da babu fitila wannan wuri shi ne sama, kuma da haka suke daidaita tashinsu. Fitila ta zo ta rikita musu lissafi, sai su yi ta kewaye. Ƙa'idar da ƙwaron yake bi lafiyarta lau, muhallin ne ya sauya. Yana da kyau ɗalibin malanta ya riƙe wannan, domin za a sake haɗuwa da irinsa a jikin saƙago.

To, mene ne laifin "ya haukace"? Laifinta shi ne ba ta nuna wa mai gyara inda zai duba. Likita ba ya iya yin komai da majinyacin da ya ce masa kawai ba shi da lafiya, sai ya ji ko ciwon kai ne ko murɗar ciki, tun yaushe, kuma me yake tayar da shi. Hausa kuwa ba ta da talaucin kalmomin motsi. Juyi daban, kewaye daban. Makyarkyata daban, tangaɗi daban. Ga ɗingishi, ga turjiya, ga zarya, ga tuntuɓe. Yaron da ya tashi a gidan da ake kiwo ya san bambancin akuyar da take ɗingishi da wadda take turjiya, ba ya kuma haɗa su. Abin ban sha'awa shi ne, da yawa daga cikin waɗannan kalmomi kowace tana nuni ga matsala ta daban a jikin saƙago. Saboda haka, ya kamata malami ya hana kowa taɓa na'urar har sai aji ya amince da jimla ɗaya da ta siffanta abin da aka gani, an rubuta ta a allo: me ya yi, ta wane gefe, a wane wuri na ɗakin, kuma kullum yake yi ko jefi-jefi.

Idan jimlar ta ce yana juyi a wuri ɗaya kamar katantanwa, to taya ɗaya tana gaba, ɗaya tana baya, wato an juya wayoyin inji ɗaya. Kuskure ne da ake yawan yi, domin injunan biyu sun ba juna baya, haɗin da ya tura na dama gaba shi ne zai tura na hagu baya. Idan ta ce yana gudun haske, sai a duba ko an ƙetara wayoyin idanu kamar yadda ya gabata, ko kuma an musanya wa ido da rasistar da ke tare da shi wuri, domin hakan yana juya saƙon, haske ya zama duhu a wurin na'urar. Waɗannan biyu masu sauƙi ne, ba sai an ɓata lokaci a kansu ba.

Kewaye mai faɗi, ko karkata gefe ɗaya ko da tocila tana gabansa sosai, ya fi buƙatar natsuwa. Idon da aka fi sakawa a irin waɗannan kwalaye wani ɗan faifai ne mai zane kamar sawun maciji a fuskarsa, wanda ake yi da sinadarin kadmiyam salfaid. Halinsa shi ne ya tare wa wutar lantarki hanya a cikin duhu, ya sakar mata a cikin haske. A duhu ƙarfin tarewarsa yakan kai om miliyan 1 ko fiye, a haske mai ƙarfi kuwa ya sauko zuwa 'yan ɗaruruwa. Matsalar ita ce, ba a cika samun idanu biyu da suka yi daidai da juna ba, ko da daga leda ɗaya aka ciro su; a ƙarƙashin fitila guda, mita tana iya nuna ɗaya ya kusa ninka ɗaya. Saƙago mai irin waɗannan idanu kamar mutum ne mai yana a ido ɗaya, kullum gefe guda yake gani ya fi haske. Shi ya sa masu ƙera kayan suke saka ɗan abin murɗawa irin na ƙara sautin rediyo, domin a daidaita idanun, sai dai ɗan koyo yakan bar shi yadda ya zo. Amma kafin a zargi ido, a duba ƙafa. Injuna biyu masu arha ba sa juyi da sauri ɗaya, zare ko gashi yakan naɗe a ƙarfen da taya take juyi a kansa, robar taya takan zame, ƙurar hunturu kuma takan shiga haƙoran giya. Akwai gwaji ɗaya mai kyau da yake raba gardama: a musanya idanun biyu, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. In karkatar ta sauya gefe, laifin ido ne. In ta tsaya inda take, ɗingishi ne, sai a ɗora saƙagon a kan gwangwanin madara tayoyinsa suna reto, a duba su ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar da ta fi kowace yaudarar mai gyara ita ce ta tafiya da tsayawa: ya tashi, ya ɗan gusa, ya tsaya cak, ya sake tashi, kamar mai tuntuɓe. A nan batir ne abin zargi na farko, kuma shi ne ake saurin wankewa. Malami zai ɗora mita a kan batir mai kusurwa huɗu na bolt 9, ya ga ta nuna 9, ya ce lafiyarsa ƙalau. Amma awon batir ba tare da kaya a kansa ba kamar gwada ƙarfin jaki ne ba a ɗora masa mangala ba. Wannan batir an yi shi ne domin na'urori masu shan wuta kaɗan, irin su ita kanta mitar. Inji kuwa a lokacin tashi, ko in taya ta cije, yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ja in ya kama gudu. Injin nan mai gidan roba ruwan ɗorawa da aka saba sakawa yana iya jan kusan amfiya 1 ko fiye. Da injuna biyu suka ja tare, sai ƙarfin batir ya faɗi. Ƙwayar daidaita wuta mai lamba 7805, wadda take ba sauran kayan bolt 5, tana buƙatar kimanin bolt 7 kafin ta yi aikinta. In wuta ta gaza haka, sai sashen da yake yanke shawara ya ɗauke, injuna su tsaya. Da suka tsaya batir ya farfaɗo, sashen ya dawo, ya sake ba da umarnin tashi, a koma gidan jiya. A saƙagon da ake sarrafawa da allon Arduino ana ganin wannan ƙuru-ƙuru, domin allon yakan sake farawa daga tushe duk lokacin da wuta ta yi ƙasa sosai. Magani shi ne a auna batir alhali injuna suna juyi, sannan a ware wa injuna batura 4 na AA, a bar wa sashen shawara nasa, amma a haɗa wayoyin ɓangare mai alamar ragi na biyun wuri ɗaya. Baturan nan masu arha da ake yi da tutiya da kabon sun fi saurin faɗuwa in an ɗora musu kaya, arharsu ba ta kai ko'ina.

Makyarkyata kuwa, musamman in saƙago ya fuskanci haske sosai, tana da tushe biyu. Na farko, kwalaye da yawa suna amfani da wata ƙwaya mai kwatanta saƙonni biyu, kamar mai lamba LM393, wadda ba ta san tsaka-tsaki ba, ko hagu ya fi ko dama. In idanun biyu suna ganin haske kusan daidai, ƙaramin motsi ya isa ya sa ta sauya shawara sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kamar sikelin da aka ɗora wa kaya daidai wa daida, wanda ko iska tana kaɗa shi. Masu sana'ar suna magance wannan da ƙara rasista guda daga bakin fitar ƙwayar zuwa bakin shigarta mai alamar tarawa, domin ta riƙe shawarar da ta yanke har sai bambancin ya yi yawa. A Hausance, an koya mata 'yar kafiya ke nan. Tushe na biyu shi ne tartsatsin da ke tashi a cikin inji, inda burushi yake gogar abin juyi. Duk wanda ya taɓa jin rediyo tana ƙara-ƙara in babur ya wuce kusa ya san irin wannan hayaniya. Ita ce take bin waya ta isa ga ƙwayar, ta zame mata saƙon ƙarya. Ɗan kafasita mai kama da ƙwayar magani, wanda aka rubuta wa 104 a jiki, in aka liƙa shi tsakanin ƙafafun inji biyu, yakan shanye mafi yawanta. Sau da yawa ana tsintarsa a ƙasan leda bayan an gama haɗi, domin yara sun ga ƙanƙantarsa sun ɗauka rara ne.

Sai kuma rukunin da saƙago ba shi da laifi ko kaɗan, wato irin na faɗa-wuta. Misalinsa shi ne ya bar tocila ya nufi taga. Hasken rana tsaka a fili yakan kai lakas 100,000 a ma'aunin haske, na cikin ɗaki mai fitila kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Idon mutum yana daidaita kansa har ba ya jin girman wannan tazara, shi ya sa malami yake ganin tocilarsa tana da haske. A wurin saƙago, tocila a gaban buɗaɗɗiyar taga kamar kyandir ne a tsakar rana. Da ya nufi taga ya yi aikinsa, an ce ya bi haske mafi ƙarfi, ya bi. Haka farar riga ko farin hijabin da ke kusa, da daɓe mai sheƙi, da inuwar yaran da suka yi masa rumfa, duk saƙonni ne a gare shi. Wannan ne yake bayyana abin da yake ɗaure wa malamai kai, wato saƙagon da ya yi aiki lafiya a gida da dare, ya ƙi a aji da hantsi. Sai a rufe tagogi, a sa yara su ja baya, a yi wa kowane ido ɗan bututu da baƙar takarda, a ɗan karkata su waje kamar ƙahonni. Bugu da ƙari, tun da dokar Tarayyar Turai mai taƙaita amfani da kadmiyam a kayan lantarki ta fara aiki a 2006, wasu kwalaye suna zuwa da wani irin ido na silikon. Masu baƙin gilashi daga cikinsu hasken da ke ƙasa da ja suke gani, wanda idon mutum ba ya gani. Tsohuwar tocila mai ƙwan zare tana fitar da shi da yawa, fitilar wayar hannu kuwa kusan ba ta fitar da shi. Sai a wuni ana haska wa saƙago fitilar da a wurinsa a kashe take.

Akwai kuma wanda yake aiki in an danna shi, ya mutu in an saki. Wannan ko daga nesa mai gyaran rediyo zai faɗa: dalma ba ta kama ba, ko waya ta yi sako-sako a ramin allo.

Sanin waɗannan duka bai kai muhimmancin tsarin bincike ba. Ɗabi'ar ɗan koyo ita ce ya sauya batir, ya murɗa saiti, ya juya waya, duk a lokaci guda. In abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, in ya ƙara lalacewa bai san ta inda zai koma ba. Ƙa'idar da ya kamata malami ya tsaya a kanta ita ce, abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, a faɗi abin da ake tsammani kafin a danna makunni, sannan a rubuta abin da ya faru. A fara daga wuta, a zo ƙafa, a zo ido, ƙwayar tsakiya ta zo ƙarshe, domin ita aka fi zargi alhali ba ta cika lalacewa ba. Yaron da ya ce, "Malam, in ido ne, da mun musanya su zai koma karkata hagu," ya riga ya yi kimiyya, ko da hasashensa bai tabbata ba.

Akwai masu ganin wannan ra'ayi ya yi nisa da halin da makarantu suke ciki, kuma hujjojinsu ba na yasarwa ba ne. Suna cewa lokacin darasi kaɗan ne, aji cike yake maƙil, saƙago ɗaya ne tak, manhaja kuma ba ta jiran kowa. Gaskiya ne. Amma siffantawa ba ta buƙatar taɓi. Komai yawan yara, kowa yana iya kallo ya rubuta jimlarsa, a tantance wadda ta fi dacewa. Wannan ya isa darasi guda, gwaji ya zo a na biyu. Wasu kuma tsoron zubewar girma suke yi, suna ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haƙiƙa ba a fafe gora ranar tafiya: wajibi ne malami ya haɗa saƙagon ya gwada shi tun da wuri, a cikin ɗakin da za a yi darasin, kuma a irin lokacin da za a yi shi. In ya yi haka, yana ma iya dasa wata matsala da gangan, alal misali ya juya wayoyin inji ɗaya, ya bar yara su gano. In kuwa abin da bai shirya masa ba ne ya faru, cewa "ban sani ba tukuna, mu bincika" ba ta rage masa komai. Abin da yake zubar da girma shi ne ɗora laifi ga yarinyar da ta liƙa dalma, wadda watakila daga ranar ba za ta sake miƙa hannu ga kayan lantarki ba. Masu cewa wani lokaci kayan da gaske na banza ne su ma suna da gaskiya, domin ana samun matacciyar ƙwaya da inji mai cijewa. Sai dai hukuncin jabu a ƙarshen bincike ya kamata ya zo, kuma makarantar da ta koma wa mai sayarwa da rubutaccen bayanin gwaji ta fi wadda ta je da ƙorafi kawai damar karɓo kuɗinta.

Saura tambayar da ɗalibin sashen Hausa zai yi, cewa ina ruwansa da rasista. Mai takardar shaidar malanta ta NCE makarantun firamare da ƙananan sakandare zai nufa, inda ba abin mamaki ba ne a miƙa masa darasin da bai karanta ba. Ko da ba a miƙa masa ba, rubutun siffantawa da rubutun rahoto suna cikin aikinsa, kuma saƙagon da ya rikice ya fi "Yadda Na Yi Hutuna" dacewa da koyar da su, domin a nan ana iya tabbatar da ko jimla ta faɗi gaskiya. Daɗin daɗawa, akwai aikin keɓaɓɓun kalmomi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi hidima, kalmomin gyaran lantarki kuwa suna bakin masu gyaran rediyo da wayar hannu a kasuwa. A tura yara su tambayo sunan da waɗannan masu sana'a suke kiran kowane abu; inda babu, aji ya ƙirƙiri nasa mai bayyana aikin abin, kamar yadda aka kira na'urar jin haske da ido a wannan maƙala. Sharaɗi ɗaya ne, da zarar an amince da kalma kada a sauya ta a tsakiyar aiki.

A lokacin liƙa dalma a buɗe tagogi saboda hayaƙi, a wanke hannu bayan an gama, sai in an zo gwaji a rufe su. A ƙarshen zango kuma, kafin a mayar da saƙago kwali, a cire batura kada su tsiyaye su ci ƙarfe, a saka littafin gwaji a ciki, mai ɗauke da kwanan wata, da jimlar siffantawa, da abin da aka sauya, da abin da ya biyo baya, tare da jerin kalmomin da aji ya amince da su.